Yadda Hadda Ke Zama a Kai: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙarfafuwar Mahaɗan Ƙwaƙwalwa

Duk inda mutanenmu suka taru a Legas, ko Zangon Agege ne, ko Idi-Araba, ko Mile 12, maganar kai ba ta ƙarewa. Wane kansa na ja, wance ba ta riƙe karatu, yaron nan jiya ya kawo hadda tiryan-tiryan amma yau an tambaye shi ya yi tsuru-tsuru. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan wannan batu, da amsoshinsu gwargwadon abin da binciken ƙwaƙwalwa ya tabbatar.

Idan na haddace abu, mene ne ke canzawa a cikin kaina?

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa masu yawa da ke karɓar saƙo, da wani dogon zare guda da ke fitar da saƙo zuwa ga 'yan'uwanta. Wurin da zaren wata ƙwaya ya iske reshen wata shi ne mahaɗa, wadda likitoci ke kira sinafs. Ƙwaya ɗaya tana iya samun mahaɗai dubbai, jimillarsu kuma a kan mutum guda ana ƙiyasta ta da tiriliyan 100.

Ranar da ka haddace lambar wayar maigidanka, ko ayoyi biyar na Tabaraka, wasu mahaɗai ne daga cikin waɗannan suka ƙara ƙarfi, ta yadda saƙon da jiya yake tsallakawa da ƙyar yau yake wucewa salin-alin. Idan ƙarin ƙarfin ya jima, awanni ko kwanaki ko watanni, shi ne ƙarfafuwa mai ɗorewa, wadda masana ke taƙaitawa da LTP.

Yaya saƙo ke tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan?

Ƙwayoyin ba su manne da juna ba. Akwai 'yar rata a tsakani mai faɗin kimanin nanomita 20, wato silin gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Saƙo yana bin zare a matsayin ɗan lantarki, idan ya iso bakin rata sai ƙarshen zaren ya fesa wani sinadari. A yawancin mahaɗan da muke magana a kai, sinadarin nan gulutamet ne. Shi ke tsallaka ratar ya zauna a kan wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin ƙwaya mai karɓa. Ƙofar da ake kira AMPA tana buɗewa nan take, sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya kwarara ciki, ƙwaya mai karɓa ta ɗan motsa. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Idan aka ce mahaɗa tana da ƙarfi, ana nufin saƙo ɗaya yana jawo babban motsi a ɗaya ɓangaren.

Wa ya gano wannan, kuma a ina?

Tunanin ya riga gwajin da shekaru da yawa. Tun 1894 Santiago Ramon y Cajal, mutumin Sifen, ya ce mai yiwuwa koyo yana ƙarfafa alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya. A 1949 Donald Hebb na Kanada ya fayyace zancen: idan wata ƙwaya ta yawaita sa hannu wajen tayar da wata, alaƙarsu za ta ƙaru. Amma babu wanda ya gani da ido.

A 1966 wani matashin mai bincike, Terje Lomo, yana aiki a ɗakin gwajin Per Andersen a birnin Oslo na ƙasar Nowe. Zomaye yake gwadawa, bayan an yi musu allurar barci, yana tura ɗan lantarki ta wata hanyar jijiya da ke shiga hifokamfas, wani lanƙwasasshen sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen kunne. Sai ya lura cewa idan ya tura saƙonni a jere da sauri na 'yan daƙiƙoƙi, daga baya ko saƙo ɗaya ya tura amsar tana fin ta da girma, kuma ba ta komawa da wuri. Tim Bliss ya zo daga Landan a 1968 suka ci gaba tare, suka buga sakamakon a 1973. 'Yan daƙiƙoƙi na aiki, awanni na canji. A 2016 Bliss da Graham Collingridge da Richard Morris suka raba babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Denmak saboda wannan fage.

To a cikin mahaɗar, me ke faruwa daki-daki?

Nan ne gishirin zancen. Ban da ƙofar AMPA, akwai ta biyu a gefenta mai suna NMDA, ita kuma tana da taurin kai. Ko gulutamet ya zauna a kanta ba ta barin komai ya wuce, domin akwai ƙwayar maganiziyam da ta toshe bakinta. Toshiyar nan ba ta fita sai idan ƙwaya mai karɓa ta riga ta motsa sosai, lantarkin cikinta ya tashi, sannan ya ture maganiziyam ɗin waje. An gano wannan toshiya a 1984, shekara guda bayan Collingridge ya nuna cewa idan aka rufe NMDA da magani, LTP ba ta samuwa sam.

Ka ɗauka shago ne a Mile 12 na abokan hannun jari biyu, an sa masa kwaɗo biyu, kowa da mabuɗinsa. Ɗaya ya zo shi kaɗai, sai dai ya zauna a benci. Sai sun haɗu a lokaci guda ƙofa ke buɗewa. Mabuɗi na farko shi ne gulutamet, shaidar cewa mai aikawa ta yi magana. Na biyu shi ne tashin lantarki, shaidar cewa mai karɓa ma a farke take. Abin da Hebb ya hango kenan tun babu wanda ya san da wannan ƙofa.

Idan ta buɗe, kalsiyam ne ke shiga, kuma shi ne mai ba da umarni. Yana tayar da wani furotin mai suna CaMKII, wanda ke da wata dabara: da zarar an kunna shi, yana iya riƙe kansa a kunne na ɗan lokaci ko da kalsiyam ya janye. Ayyuka biyu ke biyo baya. Ƙofofin AMPA da ke wurin suna ƙara barin sodiyam ya wuce, sannan ana jawo sababbi daga ajiya a dasa su a bakin mahaɗar. Gobe idan gulutamet ya zo daidai adadin na jiya, ƙofofi da yawa zai tarar, amsa kuma ta fi girma. Akwai ɗan tsiro a jikin reshe wanda mahaɗar ke zaune a kai, shi kansa yana kumbura. Masu bincike a Japan sun ɗauki hoton hakan a 2004, tsiro ɗaya tak yana girma cikin mintuna, maƙwabtansa suna nan yadda suke.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Mahaɗar da ta yi aiki ita ke ƙarfafa, ba ƙwayar gaba ɗaya ba, shi ya sa haddar Fatiha ba ta ba ka iya lissafi kyauta. Sai dai mahaɗa mai rauni tana iya cin albarkacin mai ƙarfi idan suka yi aiki a lokaci guda a kan ƙwaya ɗaya, domin mai ƙarfin ta riga ta ture toshiyar. Ta haka ne abubuwa biyu ke ƙulluwa a kai: ƙamshin tsire da dare ya tuna maka wani lungu a Fagge, alhali kana tsaye a Obalende.

Akwai ma mahaɗan da ke da NMDA kawai babu AMPA, don haka shiru suke, ba a jin ɗuriyarsu. A 1995 aka nuna cewa LTP tana iya dasa musu AMPA su fara magana. Irinsu sun fi yawa a ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Malam, me ya sa nake haddace abu da safe, kafin la'asar ya gudu?

Domin ƙarfafuwar hawa biyu ce. Ta farko da kayan da ke wurin ake yin ta, ƙofofin ajiya da furotin ɗin da ke kusa, kuma awa ɗaya zuwa uku take yi ta sace. Ta biyu sai an aika saƙo har cibiyar ƙwayar, an kunna wasu ƙwayoyin gado, an ƙera sabon furotin, an kawo shi an gina. Wannan yana cin lokaci, kuma yawanci sai an maimaita bugun, wato tura saƙon lantarki. A ɗakin gwaji, bugu 100 cikin daƙiƙa ɗaya sau ɗaya yakan ba da hawan farko ne kawai. A yi shi sau uku ko huɗu da tazarar mintuna a tsakani, sai a samu na biyu. Idan aka ba dabba maganin da ke hana ƙera furotin, tana koyo lafiya lau, amma bayan awanni babu komai.

Wani abin sha'awa: cibiyar ƙwaya guda ce, mahaɗai dubbai, to yaya sabon furotin ke sanin inda za shi? Frey da Morris sun amsa a 1997. Mahaɗar da ta yi aiki tana barin wata alama ta ɗan lokaci, furotin ɗin da aka ƙera kuma inda alama take yake sauka.

Ɗana zai rubuta JAMB, yana kwana yana karatu da shayi da goro. In bar shi?

Hajiya, ki karɓe fitilar da ƙarfe goma sha ɗaya. Kwanan karatu yana cika kai da hawan farko, wanda zai iya kai yaro zuwa safiya amma ba zai kai shi mako ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya daɗewa. Awa shida da aka raba kwana shida ta fi awa shida a dare guda.

Sai barci. A 1994 Wilson da McNaughton suka sa wa ɓeraye wayoyi a hifokamfas, suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawo da rana sun sake yin aiki tare yana barci. Wato kai yana yin tishi da kansa cikin dare. A 2009 kuma masu bincike a jami'ar Fensilbaniya suka hana ɓeraye barci na awa biyar kacal, sai LTP mai daɗewa ta raunana a hifokamfas ɗinsu. Likitocin barci suna ba matashi shawarar awa takwas zuwa goma.

Na san garin da muke. Yaron da zai fito daga Ikorodu ko Agege tun kafin a kira assalatu don ya tsere wa gosulo, ya dawo bayan isha, ga zafi, ga ƙarar janareton maƙwabta, ga sauro, awa takwas gare shi sai an yi da gaske. Amma abin da ke hannunki ki yi: wayar ta kwana a ɗakinki, shayi mai kauri ya tsaya da la'asar, kuma daren jarrabawa ya zama daren da ya fi kowanne barci. Goro yana buɗe ido, ba ya gina mahaɗa.

Ni malamin allo ne. Tsarinmu na tsangaya ya dace da wannan ilimi ko ya saɓa?

Allah ya gafarta Malam, a ganina ya dace ta fuskoki da dama, kuma 'yan boko ne ya kamata su zo ɗaukar darasi. Dubi yadda ake yi. Yaro ya rubuta a allo da hannunsa, malam ya biya masa ya ji da kunne, ya karanta da baki yana kallo, jiki yana rausaya. Hanyoyi huɗu ne ko biyar ke bugun ƙwayoyi iri ɗaya a lokaci guda, abin da ƙofar NMDA ke jira kenan. Ba a ba shi izu guda a rana, ɗan kaɗan ake ba shi. Ana karatu da asuba, a tashi, a dawo da yamma, a sake da dare, a kwanta a kai. Ga tazara, ga barci. Ba a wanke allo sai ya kawo da ka, kuma janyo abu daga kai ya fi sake kallonsa a takarda ƙarfafa shi, gwaje-gwajen masana koyo sun sha nuna haka. Sannan ga tilawa, wadda ke komawa kan na baya kafin ya dusashe. Har hutun Alhamis da Juma'a yana da nasa amfanin.

Inda zan ja hankali shi ne bulala da yunwa. Tsoro mai tsanani da ya daɗe yana ɗaga sinadarin kotizol, kuma a dabbobi an ga yana danne LTP a hifokamfas, yayin da yake ƙarfafa mahaɗan tsoro a wani sashe daban. Yaron da ake zanewa kullum zai haddace fuskar malam da ƙarar dorina sarai, ayar ce za ta wahala.

Duk zomo da ɓera nake ji. Wa ya ce haka abin yake a mutum?

Tambaya ce mai kyau, kuma masana sun daɗe suna yi wa junansu ita. Shaidar ta taru ne sannu a hankali.

A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai shekara 27, Henry Molaison, tiyata don farfaɗiya, aka cire masa yawancin hifokamfas na ɓangarori biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har ya rasu a 2008 bai ƙara riƙe sabon labari ba. Yana tuna yarintarsa, yana hira da kyau, amma ka fita ka dawo sai ya gaishe ka kamar baƙo. Wannan ya nuna inda ake ƙulla sabon tunani. A 1986 Morris ya sa ɓeraye a babban bahon ruwa mai launin madara, da wani ɗan dandamali a ɓoye ƙarƙashin ruwan. Ɓera lafiyayye cikin 'yan kwanaki yake gane wurin ya miƙe kai tsaye. Waɗanda aka rufe wa NMDA suna iyo daidai, suna gani daidai, amma kullum lalube suke. A 1999 Joe Tsien a jami'ar Firinston ta Amurka ya yi akasin haka, ya ƙara wa ɓeraye wani nau'in NMDA da ke daɗewa a buɗe, suka fi 'yan'uwansu saurin koyo. A 2006 ɗakin gwajin Mark Bear ya nuna cewa koyo da kansa, ba tare da an tura lantarki ba, yana jawo irin wannan canji. A 2014 kuma ɗakin Roberto Malinow ya yi wanda ya fi duka ban mamaki: sun koya wa ɓera tsoron wata alama, suka raunana mahaɗan da haske tsoron ya ɓace, suka sake ƙarfafa su tsoron ya dawo.

A mutum kai tsaye, an ga LTP a yankin ƙwaƙwalwar da likitoci suka cire wa masu farfaɗiya, kuma ita ma da NMDA take aiki.

Idan kullum ƙarfi ake ƙarawa, kai ba zai cika ba?

Da zai cika, da ba don akwai kishiyarta ba, wato raunana mai ɗorewa, LTD. Ƙofa ɗaya ce ke yin duka biyun. Kalsiyam mai yawa da ya shigo bagatatan yana sa a dasa AMPA. Ɗan kaɗan da ke tsiyaya na tsawon lokaci yana sa a cire su. A gwaji, bugu ɗaya kowace daƙiƙa na minti 15 yana raunana mahaɗa, Dudek da Bear suka nuna haka a 1992. Mantuwa aiki ce da kai ke yi da gangan, ba lalacewa kaɗai ba. Da kana riƙe da lambar kowace danfo da ka gani a Oshodi, da ba ka iya tuna taka hanyar ba.

Furotin ai yana lalacewa. Yaya abin da na haddace ina yaro yake nan bayan shekara arba'in?

Francis Crick ya yi wannan tambaya a 1984, kuma har yau ana kai ruwa rana a kanta. Yawancin furotin na mahaɗa cikin kwanaki ko makonni ake sauya shi. Wasu masana, irin su John Lisman, sun ce CaMKII ce ke riƙe amanar, domin dunƙule take mai sassa goma sha biyu, tsofaffi na iya kunna sababbi. Wasu, irin su Todd Sacktor, sun tsaya kan wani furotin mai suna PKM-zeta. Wasu sun fi karkata ga girman tsiron da kansa. Abin da aka auna shi ne, a 2002 masu bincike a Niyu Zilan sun bi LTP a ɓera mai rai har shekara guda. Kuma tsohon tunani ba ya zama a hifokamfas kaɗai. Da tafiyar lokaci yana kafuwa a ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, shi ya sa Molaison bai rasa yarintarsa ba. Duk lokacin da ka sake karanta surar, ka sabunta ginin.

Ɗan acaɓa ya zo daga ƙauye, cikin wata shida ya san lungunan Legas fiye da haifaffen gari. Kansa daban ne?

Aikin ne ya gyara kan. A hifokamfas akwai ƙwayoyin da ke motsi idan kana wani takamaiman wuri, John O'Keefe ya gano su a 1971, ya kuma samu kyautar Nobel a 2014. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda a lokacin sai sun haddace tituna kusan 25,000 ake ba su lasisi, ta ga bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a tuƙi ya fi. Hoton girma ya auna, ba mahaɗa ɗaiɗai ba, amma saƙon a fili yake. Fasinja yana bayan babur yana danna waya, mai tuƙi kuwa dole ya yanke shawara a kowace kwana, ya ɓata, ya gyara.

Na yi hatsari sau ɗaya a Gadar Third Mainland, har yau gabana na faɗuwa idan na hau. Me ya sa wannan bai buƙaci maimaici ba?

Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Lokacin firgici jiki yana sakin adiranalin da dangoginsa, su kuma suna sauƙaƙa ƙarfafuwa a amigdala, sashen da ke kula da tsoro, har bugu ɗaya ya wadatar. Gujewa gadar gaba ɗaya yana barin wannan ƙulli yadda yake. Abin da masu ilimin halayya ke yi shi ne su mayar da mutum wurin a hankali, mataki-mataki, cikin aminci, har kai ya gina sabon darasi da zai danne tsohon. Idan abin ya kai ga hana barci ko hana neman abinci, a ga likita, yana da magani.

Ƙwaya da kodin fa? Wasu na cewa tiramol na ƙara kaifin kai da ƙarfin aiki.

Ƙarya ce mai tsada. Kayan maye suna amfani da wannan hanya ta ƙarfafuwa, sai dai abin da suke koya wa kai shi ne neman su. A 2001 aka nuna cewa hodar iblis sau ɗaya tak tana ƙarfafa mahaɗan ƙwayoyin dofamin, sinadarin da ke sa a sake neman abin da aka ji daɗinsa, a ɓera na tsawon kwanaki. A 2003 aka ga mofin, maganin kashe zafin ciwo mai sa maye, da nikotin na taba da barasa ma suna yin haka. Kodin kuwa hanta ke juya shi ya koma mofin, tiramol ma ɗan gidan ne, kuma idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, amma dokar ba ta goge abin da aka riga aka rubuta a mahaɗa. Shi ya sa yaro zai tuba, ya yi wata uku a gida Arewa lafiya ƙalau, ranar da ya dawo ya ga tsohuwar majalisarsa a ƙarƙashin gada sai jikinsa ya ɗau rawa. Wurin da abokan sun ƙullu da ƙwayar. Wanda ke son taimakonsa ya sauya masa majalisa da hanya, ba wa'azi kaɗai ba. Barasa kuma tana danne NMDA kai tsaye, dalilin da mashayi ke wayar gari bai san abin da ya yi jiya ba.

An ce dalma na dakushe ƙwaƙwalwar yara. Ta ina?

Ta wannan ƙofa dai. Dalma tana hana NMDA aiki yadda ya kamata, tana kuma shiga wuraren da kalsiyam ke shiga ta rikita su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Mun ga mafi muninsa a Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum ya kashe yara fiye da 400, wasu da suka rayu kuma suka nakasa.

A Legas hanyarta biyu ce ta fi kusa da mu. 'Yan'uwanmu masu sana'ar bola da gwangwan da ke fasa tsohon batirin mota suna ɗauko ƙurar a riga da hannu su kai ɗaki. A yi wanka a sauya kaya kafin a ɗauki yaro, kada a ajiye batir inda yara ke rarrafe. Ta biyu ita ce kwalli. A 2011 likitoci a Boston suka samu dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. A daina sa wa jarirai. Gwajin jini ne ke nuna ta, ido ba ya gani.

Akwai magani ko abincin da ke ƙara LTP?

Babu ƙwayar da aka tabbatar tana ƙara wa lafiyayyen mutum hadda, duk abin da mai talla da lasifika ya faɗa maka a cikin motar haya. Zuma da zabibi da dabino abinci ne masu kyau, a ci. Ƙarancin ayodin da ƙarancin jini suna dakushe koyon yara, don haka gishiri mai ayodin da ganye da wake da kifi sun fi kwalbar da ba a san me ke ciki ba. Motsa jiki yana da shaida: a 1999 aka ga ɓerayen da ke gudu a kan keke suna da LTP mai ƙarfi fiye da na zaune.

Baba ya fara mantuwa. Tsufa ne kawai ko cuta?

Da tsufa ƙarfafuwa tana wahalar samuwa kuma tana saurin sacewa, Carol Barnes ta nuna haka a tsofaffin ɓeraye tun 1979. Amma ba ta tsayawa. Dattijo yana koyo, maimaici ne kawai yake buƙata fiye da da. Manta inda aka ajiye carbi ko sunan jika na ɗan lokaci ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin da muke kira gigin tsufa daban ne, kuma sau da yawa cutar Alzaima ce. A cikinta wani furotin mai suna amiloyid yana taruwa, an kuma nuna a 2002 cewa ƙananan dunƙulensa suna hana LTP, mahaɗai su fara lalacewa tun kafin ƙwayoyin su mutu. Shi ya sa Baba zai ba ka labarin zuwansa Legas a jirgin ƙasa da sunan kowace tasha, amma ya tambaye ka sau biyar ko an yi azahar. Idan ya fara ɓata a unguwar da ya shekara talatin a ciki, ko lissafin kuɗin da ya saba ya gagare shi, ko ya fara zargin iyali da sata, a kai shi asibiti, kada a tsaya cewa sammu ne. Wasu dalilan mantuwa suna warkewa, kamar ƙarancin bitamin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa, da illar wasu magunguna. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da asibitin tarayya na Yaba. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nemi mota a lokacin, ba a jira gari ya waye.